Burusketa a Gida: A Yanka Tumatirin ko a Goga Shi?

Ranar da na fara yin burusketa, abin da na ajiye wa baƙi ya fi kama da fate a kan abincin Italiya. Burodin yanka na saya, mai laushin nan da muke shan shayi da shi. Na ɗan ɗumama shi a kasko, na yayyanka tumatir na jibga masa, na jera a tire tun kafin la'asar. Baƙin ba su iso ba sai bayan magariba. Duk wanda ya kai hannu ya ɗauka, sai rabin yankan ya biyo shi, rabi ya zauna a tire. Sun ci ne don kara, ni ma na san haka.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, burusketa kokawa ce tsakanin burodi da ruwan tumatir. Kusan kashi 95 cikin ɗari na nauyin tumatir ruwa ne, shi kuwa burodi ba shi da aiki sai tsotsewa. Duk wata dabara da za ki ji masu girki suna faɗa a kan abincin nan, nan ta dosa: yadda za a haɗa su biyun ba tare da ɗaya ya kashe ɗaya ba. Manyan hanyoyin kuma biyu ne. Ko dai a yanka tumatirin ƙanana a ɗora a sama, ko a goga shi a jikin burodin ya shige ciki. Na yi kowacce har ban san adadi ba, kuma a ganina ba ke ce za ki zaɓa ba, uwargida. Tumatirin da kika samo a kasuwa da burodin da ke garinku su ne za su zaɓa miki.

Italiyawa suna rubuta sunan bruschetta, suna furta shi da harafin k, wato brusketta. Ya fito ne daga wata kalma ta mutanen yankin Rum, bruscare, ma'ana a gasa abu a kan garwashi. Tun daga sunan za ki ga cewa burodin da wutar su ne tushe, tumatir daga baya ya zo. Abincin manoman tsakiyar Italiya ne, yankunan Lazio da Umbria da Tuskani: burodin da ya kwana biyu, a gasa shi, a goga masa tafarnuwa, a zuba man zaitun da gishiri, shi ke nan. Mutanen Tuskani suna kiran nasu fettunta, wato yanka mai maiƙo, kuma sun fi cin sa a wajejen watan Nuwamba lokacin da ake matsar sabon zaitun, don su ɗanɗana man bana. Tumatir shi kansa baƙo ne a Italiya. Daga nahiyar Amurka aka kawo shi Turai a ƙarni na 16. Wani likita masanin tsirrai, Pietro Andrea Mattioli, ya ambace shi a rubuce a 1544, amma mutane sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi, sai a 1692 wani mai kula da girkin manya a Napoli, Antonio Latini, ya buga yadda ake miya da shi. Yau ga shi ba a iya raba shi da sunan ƙasar.

Hanyar yanka ita ce wadda duniya ta sani da sunan burusketa. Ga mutum huɗu, ki nemi tumatir rabin kilo, kamar guda shida ko bakwai matsakaita. Ki wanke shi sosai tunda ɗanye za a ci, ki raba shi biyu, ki sa yatsa ki fitar da 'ya'yan cikin da ruwansu a wani ɗan kwano, kada ki zubar. Tsokar ki yanka ƙanana, kamar girman ƙwayar gyaɗa. Ki barbaɗa gishiri rabin ƙaramin cokali, ki juya, ki zuba a matsami ko ƙaramin kwando ki ɗora a kan kwano na minti 15 zuwa 20. Gishirin zai janyo ruwa ya fita, ɗanɗanon kuma ya taru a abin da ya rage. Wannan jiran shi ne bambancin burusketar kirki da irin tawa ta ranar farko. Bayan nan sai man zaitun babban cokali biyu ko uku, da ganyen ƙamshi, a juya. Ana gasa burodi yanka takwas, a goga tafarnuwa yana da zafi, a ɗora tumatir, a ci nan take.

Hanyar goga ba ta da wannan hidimar. An fi sanin ta da mutanen Kataloniya a ƙasar Sifen, yankin da birnin Barcelona yake, inda suke kiran ta pa amb tomàquet, burodi da tumatir kawai. A kudancin Italiya ma ana murje tumatir a kan burodi haka. Ana raba nunannen tumatir biyu ta tsakiya, a riƙe rabin a tafin hannu, a goga a kan gasasshen burodi kamar ana goge allo, har sai tsokar ta ƙare fatar kaɗai ta rage a hannu. A zuba mai, a barbaɗa gishiri. Mutanen Kataloniya har suna da wani ƙaramin tumatir na musamman don wannan aiki, wanda suke ɗaurewa su rataye a inuwa ya yi watanni bai lalace ba. Akwai kuma 'yar uwar wannan hanyar, wadda ake yawan gani a karin kumallo a Madrid da kudancin Sifen: a goga tumatirin a magogi, irin wanda muke goga kuɓewa da shi, a zuba a kwano, kowa ya shafa wa burodinsa da cokali.

A baki, su biyun ba abu ɗaya ba ne ko kusa. Ta yanka kina taunawa ne, kina jin sanyin tumatir da tsaminsa a sama, ga ƙamas-ƙamas ɗin burodi mai ɗumi a ƙasa, kowanne yana zaman kansa. Kwaɗo ne a kan burodi, in an bi ta ɓarauniyar hanya. Ta goga kuwa tumatirin ya riga ya zama ɗaya da burodin, saman ya yi ja ya ɗan yi laushi, ƙasan yana nan da ƙarfinsa. Abin da ya fi fitowa a cikinta shi ne ɗanɗanon burodin da na man. Saboda haka ta yanka tana iya rufa wa burodi matsakaici asiri, ta goga kuwa ba ta rufa wa kowa asiri. In burodin ba shi da daɗi ko man ya tsufa, za a ji tun a lomar farko.

Ta fuskar ƙoshi, ta yanka ce a gaba. Yanka biyu ko uku da dafaffen ƙwai ko ɗan kifin gwangwani a gefe sun isa abincin dare a ranar da zafi ya hana mutum sha'awar tuwo. Ta goga abokiyar tafiya ce, tana son a ci ta da wani abu: gasasshen kifi, tsire, wainar ƙwai. Ta fuskar aljihu kuwa lissafin ya juya. Tumatir ɗaya yana goge yanka biyu ko uku, ke nan uku sun ishi mutum huɗu, alhali ta yanka tana cin ninki biyu na haka. A watannin da tumatir ke tsada wannan ba ƙaramin abu ba ne. In kuma da yara a gidan, ki sani ta yanka zuba take yi. Kowace loma sai wani abu ya faɗo a riga ko a tabarma. Ta goga yaro ɗan shekara uku ma zai riƙe ya cinye ba tare da an bi bayansa da tsintsiya ba.

To amma duk wannan bayan fage ne. Babbar magana tana wurin tumatir.

A Italiya burusketa abincin lokacin zafi ne saboda dalili ɗaya: a watannin Yuli da Agusta tumatirinsu yake nuna a jikin uwarsa, ya yi zaƙi ya yi araha. Suna da iri-iri. Akwai San Marzano, dogo mai kaurin tsoka da ƙarancin 'ya'ya, wanda ake nomawa a ƙasar da ke kusa da dutsen Vesuvius a yankin Napoli, kodayake shi an fi kai shi tukunyar miya. Akwai wani ƙato mai laushi da suke kira zuciyar sa saboda siffarsa. Akwai ƙananan nan masu zaƙi na garin Pachino a tsibirin Sisili, da wasu da suke kira datterini saboda sun yi kama da dabino. A nan wurinmu kalandar a juye take. Tumatirin kirki na rani ne, na noman ban ruwa, irin wanda ke fitowa daga Kadawa da Kura inda ruwan madatsar Tiga ke kaiwa, da fadamun Katsina da Kaduna da Jigawa. Daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara ne kwanduna ke cika a kasuwannin Kwanar Gafan da 'Yankaba na Kano, har a rasa yadda za a yi da shi sai shanyawa. Da zafi ya tsananta, aka doshi damina, sai ya ja baya ya yi tsada. Wanda ya ga 2016, shekarar da tsutsar nan da aka yi wa laƙabi da ebolar tumatir ta cinye gonaki, ya san iya inda tsadar ke kaiwa. Ke nan lokacin da ya fi dacewa da burusketa a ƙasar Hausa shi ne wajejen Fabrairu da Maris, sa'ilin da sanyi ya fara sakin jiki, tumatir kuma bai tafi ba.

Wanda ya fi yawa a kasuwanninmu shi ne dogon nan mai tauri da ake kira UTC. An zaɓe shi ne don ya jure doguwar tafiya a kwando zuwa Legas, ba don a ci shi ɗanye ba. Tsokarsa da kauri, ruwansa kaɗan. Wannan na yanka ne, babu tantama. In kika ce za ki goga shi a burodi, za ki yage burodin kafin tumatirin ya saki komai. Amma a yanke yana riƙe siffarsa, ba ya jiƙa burodi da wuri, gishiri da mai kuma suna tayar masa da ɗanɗanon da yake ɓoyewa. Dabarar da nake yi masa ita ce, waɗancan 'ya'yan da ruwan da na ce ki ajiye a kwano, sai in tace su in mayar da cokali ɗaya cikin haɗin. Mafi yawan tsami da daɗin tumatir yana cikin wannan ruwan mai yauƙi da ke kewaye da 'ya'yan, zubar da shi duka asara ce.

Sai kuma tumatirin da ya nuna ya yi lugub, wanda mai kayan miya ke warewa gefe ya rage masa kuɗi, ko kuma zagayayyen nan mai ruwa da ɓawo siriri. Ba ruɓaɓɓe nake nufi ba, kada ki kusanci wanda ya fashe ko ya canza wari tunda ba dafawa za a yi ba. Wanda ya nuna sosai amma lafiyarsa ƙalau. Shi wannan in kin sa masa wuƙa dagargajewa zai yi, ya zama ruwa a kan katako. Na goga ne. A nan ne ma yake nuna cewa ya fi mai taurin daɗi nesa ba kusa ba.

In kuwa abin da kika samu ɗan fari-fari ne, wanda aka tsinke bai nuna ba, to ki ajiye shi a inuwa kwana biyu ko uku ya ƙarasa. Kada ki sa shi a firiji. Sanyin da ya yi ƙasa da kusan digiri 12 yana dakushe ƙamshin tumatir, tsokarsa ta koma kamar gari-gari. Idan dole a ci yau, akwai hanya ta uku da ba kasafai ake ambata ba: a raba shi biyu, a shafa mai, a gasa a kan waya ko a kasko har gefensa ya ɗan ƙone, sannan a murje shi a kan burodin da bayan cokali. Wuta tana ƙafar da ruwa ta fito da zaƙi. Ba burusketar lokacin zafi ba ce ta gaskiya, amma ta fi ɗanyen tumatir marar ɗanɗano. Na gwangwani da na leda kuwa ki bar su wa miya.

Burodi shi ne inda 'yan Nijar suka sha gabanmu. Mutumin Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, haka na Garwa da Marwa da Njamena, yana fita ƙofar gida zai samu dogon burodin nan na Faransa, mai ɓawo da ramuka a ciki, babu sukari. Ba shi ne ainihin wanda Italiyawa ke amfani da shi ba. Nasu ƙaton burodin ƙauye ne mai nauyi, irin na Genzano kusa da Rum ko na Altamura a yankin Puglia da ake yi da alkama mai tauri, ko na Tuskani da ba a sa masa gishiri ko kaɗan. Amma na Faransan yana yin aikin sarai. A yanka shi a karkace don yankan ya yi faɗi, kaurin yatsa, wato kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Wanda ya kwana ya fi na yau, domin ruwan jikinsa ya ragu. Da irin wannan burodin, duk hanyar da kika ɗauka za ta yi. In za ki goga ma, ki tsaga shi ta tsawo kamar za a sa masa wake da mai, ki gasa cikin, ramukan nan su ne za su kama tumatirin.

Mu a Najeriya burodinmu mai laushi ne, da sukari da bota a ciki. Matsalarsa biyu. Sukarin yana sa shi ƙonewa a waje kafin cikinsa ya bushe, zaƙinsa kuma ba ya jituwa da ɗanyar tafarnuwa. Ga shi ba shi da ƙashi, da ruwa ya taɓa shi sai ya narke. Manyan kantuna a Abuja da Kano da Kaduna suna gasa na Faransan, in kina kusa da su ki je can, kuɗin bai kai wahalar ba. In babu, da babu gara ba daɗi: ki sayi wanda ba a yanka ba kuma mafi ƙarancin zaƙi, ki yanka da kauri, ki bar shi a buɗe ya sha iska na yini guda, sannan ki gasa a wuta marar ƙarfi har ya bushe ciki da waje. Da wannan burodin, hanyar yanka kaɗai za ki bi, tumatirin a tsane sosai. Goga ba za ta yiwu ba, zai yage a hannunki.

Akwai wani zaɓin da na fi so a kan burodin shayi, kuma yana nan a bakin titi: gurasa. Ki tsaga ta biyu ta faɗi, ki ɗora cikin a kan waya kamar yadda masu tsire ke yi, har ta yi ƙamas ta ɗauki zanen wuta. Tana da danƙo da burodin yanka ba shi da shi, tana ɗaukar nauyin tumatir. Bakano ma ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda bandashe gurasa ce da mai da tumatir da albasa da ƙuli-ƙuli. Bambancin shi ne, a bandashe da gangan ake yayyafa ruwa don gurasar ta yi laushi, a burusketa kuwa laushin ake gudu. Abin mamaki, mutanen Puglia suna da nasu mai kama da bandashen: wani busasshen burodi mai suna frisella da ake gasawa sau biyu, sai an tsoma shi a ruwa kafin a murje masa tumatir da mai.

Batun wuta ba shi da tsawo. Garwashin gawayi ya fi komai, shi ne ma asalin sunan. Ki jira harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi fari-fari da toka, ki ɗora waya, minti ɗaya zuwa biyu kowane gefe, kina tsaye a kai. Waje ya yi ƙamas da ɗan baƙi-baƙi, ciki ya rage da ɗan taushi, ga ƙamshin hayaƙi. Busasshen kasko mai kauri a kan gas shi ne na biyu, ki danna burodin da bayan cokali don ya taɓa ƙarfen ko'ina. Obin yana da amfani in mutane suna da yawa, digiri 200 na minti biyar zuwa takwas, sai dai yana busar da burodin har ciki ya zama kamar biskit, kuma kunna shi a watan Afrilu azaba ce ga mai kicin. Ga hanyar goga, gawayi ko kasko ya fi, domin ana son fuskar burodin ta yi kaushi kamar magogi. Kada ki shafa mai kafin gashi. Bayan an sauke ake zubawa, ɗanye, don ƙamshinsa ya tsira.

Man zaitun ne zai fi ba ki ciwon kai. A wurinmu an fi sanin sa a shagunan magungunan Musulunci da kemis, a ƙananan kwalabe, don shafawa ko magani. Wani yana da kyau, wani ya daɗe a rana har ya yi ɗaci da warin tsohon mai, wani kuma gauraye ne. Wanda ake so shi ne na matsar farko da ba a dafa ba, wanda aka rubuta extra virgin a jikin kwalbarsa, ƙa'idarsa tsamin da ke cikinsa kada ya wuce kashi 0.8 cikin ɗari. Ki duba ranar da aka rubuta, ki fifita kwalba mai duhu, in kin buɗe ki shinshina. Mai kyau yana ƙamshin ɗanyar ciyawa, in kin lasa yana ɗan kama maƙogwaro. Wannan kamawar ba aibi ba ce, alamar sabo ce. A nan ma hanyoyin biyu sun rabu. Ta goga ta dogara ga man ƙwarai, in ba ki da mai kyau kada ki fara. Ta yanka tana haƙuri. Na sha yin ta da man ƙuli na gida, sabon tuya, kuma ta yi daɗi, kodayake ta tashi daga Italiya ta dawo kasuwar Kurmi ta Kano. Ban ga laifi a haka ba, sai dai ba zan ce wa baƙo ga burusketa ba. Man da ba shi da ƙamshi ko kaɗan, irin na jarka, maiƙo kawai zai ƙara. Man shanu da manja su tsaya a inda suka fi kyau.

Tafarnuwa kuwa kuskuren da aka fi yi da ita shi ne a daka ta a zuba cikin tumatir. Ɗanyar tafarnuwa da aka daka tana ƙara ƙarfi in ta zauna, kafin a ci ta danne komai. Ki ɓare ƙwaya ɗaya, ki raba biyu, ki ja ta sau biyu ko uku a kan burodin yana da zafi. Ƙwaya ɗaya ko biyu sun ishi yanka takwas. Tamu ƙanana ce amma ta fi manyan da ake shigowa da su yaji, sai a sassauta hannu. A Kataloniya ma wasu ba sa sa ta sam.

Ganyen da Italiyawa ke sawa sunansa basilico, ɗan uwan ɗoɗɗoyarmu ne, dangi ɗaya. Sai dai ɗoɗɗoya ta fi shi ƙarfi da kaifi, in nasu ana sa ganye goma, tamu uku ko huɗu ƙanana sun isa, a yayyaga da hannu a ƙarshe. Na gwada na'a-na'a, ta kai abin wani gari daban, ban sake ba. Albasa 'yar kaɗan, an yanka siriri an ɗauraye, tana shiga ta yanka lafiya. Attaruhu ma haka, in gidan ba a cin abu sai da yaji, amma ɗan mitsitsi. Dunƙulen ɗanɗano kam ina roƙonki ki bar shi a gwangwaninsa yau ɗaya. In tumatirin bai da tsami, ɗigon lemon tsami ya wadatar. Ta goga ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, ganye ma ba a sa mata.

Saura lokaci, wanda shi ne ya kayar da ni a ranar farko. Da zarar tumatir ya hau burodi, minti biyar zuwa goma kike da su. Ta yanka tana da sauƙi ga mai jiran baƙi, domin ana iya haɗa tumatirin awa ɗaya kafin lokaci a rufe a wuri mai sanyi, har ma ya fi daɗi in ya ɗan zauna da mansa. Amma a zafin bazara kada ya wuce awa biyu a waje. Burodin sai an ji sallama za a ɗora a wuta. Ni yanzu ba na ma ɗorawa da kaina. Ina kawo gasasshen burodi a faranti, tumatir a kwano da cokali, kowa ya ɗora wa kansa. Ta goga ba a shirya ta tun da wuri sai dai in a magogi aka goga, amma tana da nata armashin: a ajiye rabe-raben tumatir da tafarnuwa da mai da gishiri a tsakiyar tabarma, burodi yana sauka daga waya kowa yana goga nasa. Mutum biyu zuwa biyar, hira ce mai daɗi. Mutum goma sha biyar, rikici ne, ki koma ta yanka ko ta magogi.

Da za a tsare ni a ce in faɗi ɗaya, ga wadda ke zaune a Kano ko Zariya ko Sakkwato zan ce ta fara da yanka. Tumatirin da ya fi yawa a kasuwarta mai tauri ne, burodinta yana buƙatar a rufa masa asiri, man zaitun mai kyau kuma ba kullum ake dacewa da shi ba. Wadda ke Maraɗi ko Yamai, ga burodin Faransa a ƙofar gida, in ta samu nunannen tumatir da kwalbar mai ta kirki, ta goga kawai, cikin minti biyar ta gama, kuma abin da za ta ci ya fi nawa. Ni kaina a watan Maris, in mai kayan miya ya ware mini masu laushin nan a gefe, gurasa nake tsagawa in goga.

Ruwan da ya tsane daga tumatirin a ƙarƙashin kwando, mai gishiri-gishiri, kada ya tafi kwata. Mutanen Tuskani suna da wani kwaɗo da suke kira panzanella, tsohon burodi da aka jiƙa aka haɗa da tumatir da albasa da mai. In burodi ya rage, washegari ki gutsuttsura shi cikin wannan ruwan, ki ƙara kokwamba da albasa, ki bar shi minti ashirin. A gidana ba ya kaiwa washegarin. Ƙarshen burodin nan mai tauri da ba ya yankuwa nake tsomawa a ciki, in cinye a tsaye a kicin kafin in fito wa mutane da tire.